Bauri da Maiƙo: Dalilin da Ya Sa Faransawa Ke Haɗa Jar Giyar Inabi da Nama

Duk wanda ya taɓa gatsar ɗanyar kanya, ko ya yi gaggawar ɓare ayabar da ba ta gama nuna ba, ba ya bukatar dogon bayani a kan bauri. Nan take baki zai bushe, harshe ya yi kaushi, dasashi ya ɗaure kamar an barbaɗa masa toka. Haka mai cin goro yake ji, haka ma wanda ya kurɓi shayin da ya daɗe a kan wuta babu madara. Jama'a da yawa sun ɗauka bauri wani ɗanɗano ne, ɗan'uwan ɗaci da tsami. Masana kimiyya kuwa sun gano ba haka abin yake ba. Wani abin mamaki kuma shi ne, kaso mai tsoka na abin da aka sani game da bauri ya fito ne daga binciken wani abin sha wanda akasarin masu karatun wannan mujalla ba su taɓa kai shi baki ba, wato jar giyar inabi.

A Faransa da Italiya da Sifen, inda aka shafe fiye da shekara dubu biyu ana noman inabi, akwai wata ƙa'ida ta teburin cin abinci da yaro ke tashi ya tarar da ita: jar giya ta nama ce, farar giya ta kifi. Musulunci ya haramta giya, kuma ilmin likitanci, kamar yadda za a gani nan gaba, bai wanke ta ba. Sai dai tambayar da ke ƙunshe cikin wannan ƙa'ida ta ilmin halittu ce tsantsa: shin me ke faruwa a cikin bakin ɗan'adam idan abu mai bauri ya haɗu da abu mai maiƙo? Amsar kuwa ta shafi goro da shayi da dawa, har ma da sana'ar majema.

Inda jan launin yake fitowa

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya sani shi ne, ruwan da ke cikin 'ya'yan inabi, ko da ɓawonsu baƙi ne wuluk, kusan ba shi da launi. Launin yana cikin ɓawo ne, inda wani sinadari mai suna antosayanin yake, dangin wanda ke ba zoɓo jan launinsa. Idan ana son farar giya, sai a matse 'ya'yan a raba ruwan da ɓawo tun da wuri. Idan kuwa ja ake so, sai a farfasa su a bar ruwa da ɓawo da ƙwallaye a haɗe cikin babban mazubi, na tsawon kwanaki, wani lokaci makonni.

A cikin wannan lokaci ne yisti, wato ƙwayar halittar nan da ke kumbura burodi, wadda masana ke kira Saccharomyces cerevisiae, take cinye sukarin inabi ta mayar da shi barasa da iskar kabon-dayoksaid. Louis Pasteur na Faransa shi ne ya tabbatar da cewa wannan aiki ne na abu mai rai, kuma littafinsa a kan cututtukan giyar inabi ya fito a 1866. Yawan barasar da ake samu a ƙarshe yakan kai kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Ita wannan barasa tana da ƙarfin narkar da abubuwa, don haka yayin da take ƙaruwa sai ta riƙa tatso launi daga ɓawo, tare da wani rukunin sinadarai da ke cikin ɓawon da ƙwallayen, waɗanda ake kira tanin. Wani tanin ɗin kuma yakan shigo daga baya, daga gangunan katako da ake adana giyar a ciki, waɗanda ake sassaƙawa da wani itacen ƙasashen sanyi mai suna ok. Gangar da aka saba amfani da ita a yankin Bordo tana cin lita 225. Tanin shi ne tushen bauri, kuma shi ne babban abin da ya bambanta jar giya da fara, ba launi kaɗai ba.

Jima a cikin baki

Sunan tanin kansa daga sana'ar jima ya samo asali. Tsohuwar kalmar Faransanci ce ta garin ɓawon itacen ok da majeman Turai ke jiƙa fata a ciki, kuma wani masanin haɗa sinadarai mai suna Armand Seguin ne ya laƙaba wa sinadarin wannan suna a 1796. Majeman Kano da Sakkwato ba su san itacen ok ba, amma sun san bagaruwa, wadda 'ya'yanta ke cike da tanin. Bayan an cire gashi an kankare fata, sai a tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Ita fata galibinta wani furotin ne mai kama da zare da ake kira kolajin. Tanin yana da hannuwa da yawa, idan ana iya faɗin haka, kowane hannu kuma yana iya kama furotin. Saboda haka sai ya ɗaure zaruruwan kolajin da juna, ya kori ruwan da ke tsakaninsu, har ƙwayoyin cuta su rasa inda za su kama su ruɓar da ita. Jar fatar akuyar Sakkwato da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, wadda Turawa suka sani da sunan fatar Maroko, da wannan hikima aka jeme ta.

To, abin da bagaruwa ke yi wa fatar akuya, kwatankwacinsa ne tanin ke fara yi a baki. Ɗan'adam yana samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana, kuma yawun nan ba ruwa ba ne zalla. Akwai furotin iri-iri a cikinsa da ke shimfiɗa santsi a kan harshe da dasashi da cikin kunci, kamar yadda man inji ke hana ƙarafa gugar juna. Da zarar tanin ya shigo sai ya kama waɗannan furotin, su dunƙule su fita daga cikin ruwan. Santsi ya tafi ke nan, harshe ya koma yana gugar ganda kai tsaye. Wanda ya kuskure baki da kakkauran shayi ya tofar a cikin farin kwano zai ga wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu yauƙi. Furotin ɗin yawunsa ne da tanin ya ɗaure.

Tun a 1954 wani masani a Kambirij ta Ingila, E. C. Bate-Smith, ya kawo ra'ayin cewa bauri ji ne na taɓawa, ba na ɗanɗano ba. Shekara sittin bayan haka, a 2014, wasu masu bincike a Jamus suka ƙarfafa maganarsa: sun nuna cewa mutumin da jijiyar ɗanɗano ta gaban harshensa ba ta aiki yana ci gaba da jin bauri, amma idan aka kashe jijiyar da ke ɗaukar saƙon taɓawa da zafi da raɗaɗi daga baki, sai baurin ya ɓace. Wannan ita ce jijiya ta biyar daga cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ita ce kuma likitan haƙori ke kashe reshenta da allura kafin ya cire haƙori.

Ɓeraye da dawa

Me ya sa tsiro zai wahalar da kansa wajen ƙera tanin? Domin kariya. Ɗanyen ɗan itace yana da bauri ne don kada a ci shi kafin ƙwallonsa ya ƙosa. Idan ya nuna sai baurin ya ragu, zaƙi ya ƙaru, dabba ta ci ta kai irin wani wuri. Manoma sun san cewa akwai nau'o'in dawa masu duhun launi da tsuntsaye jan-baki ba su cika ɓarnatarwa ba, kuma tanin ne sirrinsu. Illar ita ce, tanin ɗin da ya kori tsuntsu shi ne kuma zai kama furotin ɗin abinci da sinadaran narkarwa a cikin hanji, ya rage amfanin da mai ci zai samu.

A nan ne wani kyakkyawan gwaji ya shigo, wanda ya cancanci kowane malamin ilmin halittu ya san shi. A Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana ta Amurka, Haile Mehansho da Larry Butler da Don Carlson da abokan aikinsu sun ciyar da ɓeraye dawa mai yawan tanin, suka buga sakamakon a 1983. Kwanakin farko ɓerayen suka rame. Bayan kamar kwana uku sai suka farfaɗo suka ci gaba da girma, alhali ba a sauya masu abinci ba. Da aka duba sai aka tarar gaɓoɓin da ke samar da yawu a gefen kunci, waɗanda su ne ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum, sun ninka girmansu kamar sau uku, kuma wani rukunin furotin mai yawan sinadarin furolin ya ƙaru kamar sau 12. Shi wannan furotin ya fi kowane saurin kama tanin. Wato dai jiki ya ƙera shi ne ya zama fansa: ya tare tanin tun daga bakin ƙofa, don kada ya isa ciki ya yi ɓarna. Da aka gwada hamsta, wata 'yar dabba mai kama da ɓera wadda jikinta ba ya iya wannan dabara, sai girmanta ya tsaya cik. Ɗan'adam kuwa ba ya jiran sai ya ci tanin. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na furotin ɗin da waɗannan gaɓoɓi nasa ke fitarwa irin wannan ne, a kullum. Saboda haka baurin da mutum ke ji alama ce ta cewa masu gadi sun yi aikinsu.

Nama, kifi da barkono

Yanzu ƙa'idar teburin Faransawa ta fara fitowa fili. Bayanin da aka daɗe ana bayarwa shi ne, furotin ɗin nama ko na cuku yana ɗauke wa yawu nauyin tanin, giyar ta yi laushi a baki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin masu haɗa giya a Bordo sun daɗe suna kaɗa farin ƙwai su zuba a ganga don ya kama tanin mai kaushi ya kwanta da shi ƙasa, kuma aikin da madara ke yi a cikin shayi ke nan. Amma binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga kitse. A 2012 Paul Breslin na Jami'ar Rutgers da Cibiyar Monell a Amurka, tare da abokan aikinsa, sun ba mutane yankan busasshen nama mai kitse, wasu suna kurɓar ruwa tsakanin loma da loma, wasu suna kurɓar shayi. Masu shayin sun fi jin maiƙon ya bar bakinsu. An kuma lura cewa bauri taruwa yake yi, kurɓi na biyar ya fi na farko, sai dai idan maiƙo ya shiga tsakani ya mayar da shi baya. Maiƙo santsi ne da ya yi yawa, bauri kuwa santsi ne da ya yi kaɗan; kowanne yana gyara ɗan'uwansa, baki ya dawo tsakiya. A 2021 masu bincike a Jami'ar Bordo suka ƙara da cewa tanin yana manne wa ɗigon mai, kuma wanda ya sha cokalin mai kafin ya ɗanɗani ruwan tanin ba ya jin bauri sosai. Abin lura a nan shi ne gwajin Breslin da shayi aka yi shi, babu ɗigon barasa. Mutanen Sin da ke shan shayi da abinci mai maiƙo, da mai tauna goro bayan ya tashi daga kan naman Sallah, ƙa'ida ɗaya suke bi da Bafaranshen, ko da ba su taɓa jin labarinsa ba.

Maganar kifi ta ɗauki wata hanya daban, wadda ba a zata ba. Takayuki Tamura da abokan aikinsa a kamfanin Mercian na Japan sun gwada giya fiye da iri 60 tare da busasshen naman wata dabbar teku mai ƙwanso, suka bayyana a 2009 cewa mai laifin ba tanin ba ne, sinadarin ƙarfe ne. Idan ya kai kamar miligiram 2 a cikin lita, sai ya ruɓar da lallausan man da ke jikin kifi nan take a cikin baki, ƙarni ya tashi. Jar giya takan fi fara yawan ƙarfe, shi ya sa aka ɗora mata laifin.

Barkono kuwa da barasa rigimarsa take. Sinadarin zafin barkono yana taɓa wata 'yar ƙofa a jikin jijiyoyin baki, wadda a ƙa'ida ba ta buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 42. Wani bincike na 2002 ya nuna barasa tana sauko da wannan mizani zuwa wajen digiri 34, ƙasa da ɗumin jikin mutum. Don haka giya mai ƙarfi a kan abinci mai yaji kamar zuba wa wuta kananzir ne.

Sabon mai saye da takardar kwalba

Matashin da ya shiga kantin giya a Paris ko Landan karo na farko yakan tarar da ɗaruruwan kwalabe, kowace mai santilita 75, kuma babu wadda aka rubuta mata yawan taninta. Dole ya karanto shi daga nau'in inabin. Cabernet Sauvignon 'ya'yansa ƙanana ne masu kaurin ɓawo, wato ɓawo da ƙwallo sun yi yawa idan aka kwatanta da ruwa, don haka baurinsa da ƙarfi; haka Nebbiolo na arewacin Italiya da Tannat na kudu maso yammacin Faransa. Pinot noir da Gamay ɓawonsu siriri ne, baurinsu kaɗan. Shi ya sa ake kai na farkon wajen naman sa ko na rago mai kitse, na biyun kuma wajen kaza.

Matsalar ita ce, a al'adar Faransa sunan wuri ake rubutawa, ba na inabi ba. Dokar kare sunayen yankuna da aka kafa a 1935 ta ƙayyade irin inabin da kowane yanki zai shuka, sai mai saye ya haddace cewa jar giyar Burgundi Pinot noir ce, ta Bojole Gamay ce, ta Bordo kuma yawanci gauraye ne na Cabernet Sauvignon da Merlot. Ƙasashen da suka shigo sana'ar daga baya, irin su Amurka da Ostareliya da Chile da Afirka ta Kudu, sun fi rubuta sunan inabin ɓaro-ɓaro. Ko a nan ma akwai saura: dokar tarayyar Amurka ta yarda a sa sunan inabi idan ya kai kashi 75 cikin ɗari na abin da ke cikin kwalba, ta Tarayyar Turai kuwa kashi 85. Shekarar da ke jikin takarda ta girbin inabi ce. Adadin barasa kuma yana ba da labarin yanayi, domin rana mai zafi tana tara sukari, sukari mai yawa kuma barasa mai yawa yake haifarwa.

Farashi fa? Nan ne ilmin ƙwaƙwalwa ya kunyata masu sana'a. A 2001 Gil Morrot da Frédéric Brochet da Denis Dubourdieu sun rina farar giya da jan launi marar ƙamshi suka ba ɗalibai 54 masu koyon ilmin giya a Bordo, ɗaliban kuwa suka shiga siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake siffanta ja. A 2008 Hilke Plassmann da abokan aikinta a Kalifoniya suka sa mutane 20 cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su giya ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce ta dala 10 ce, sau ɗaya ta dala 90. Ba faɗa kawai suka yi cewa mai tsadar ta fi daɗi ba. Sashen ƙwaƙwalwar da ke auna jin daɗi ya fi motsi da gaske. Ido da kunne suna riga harshe yanke hukunci, kuma wannan bai tsaya ga giya ba.

Da'awar lafiyar zuciya

Akwai wani dalilin saye da ya fi duk waɗannan haɗari. A watan Nuwamban 1991 shirin talabijin na 60 Minutes a Amurka ya gabatar da wani masanin Faransa, Serge Renaud, wanda ya ce Faransawa suna cin kitse da yawa amma ciwon zuciya bai cika kashe su ba, kuma ya danganta hakan da jar giya. Cinikinta a Amurka ya yi tashin gwauron zabo. Daga baya aka ɗora yabon a kan wani sinadari na ɓawon inabi mai suna resberatirol.

Da'awar ba ta jure bincike ba. Tun a 1988 A. G. Shaper na Landan ya nuna wani kuskure a irin waɗannan ƙididdiga: cikin waɗanda ake lissafawa a matsayin marasa sha akwai masu yawa da rashin lafiya ce ta sa suka daina, don haka sai masu shan kaɗan su fito kamar sun fi su lafiya. A 1999 Malcolm Law da Nicholas Wald suka bayyana cewa Faransawa ba su daɗe da fara cin kitse da yawa ba, ciwon zuciya kuwa sai bayan gomman shekaru yake biyo baya, ga shi kuma ba a rubuta duk mace-macen zuciya da sunansu a can. Wani bincike da ya bi tsofaffi 783 a yankin Kiyanti na Italiya har shekara tara, aka buga shi a 2014, bai sami wata alaƙa tsakanin resberatirol da tsawon rai ko lafiyar zuciya ba. A ɗaya gefen kuma, tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, daga na baki da maƙogwaro da hanta har na hanji da na mama. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a iya cewa ba ya cutarwa, kuma rahotonta na 2024 ya danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019 da shan barasa. Hanta ba ta tambayar launin abin da aka sha ko sunan gonar da ya fito.

Gwaji a aji, da kofin shayi

Malamin da ke son nuna wa ɗalibai aikin tanin ba ya bukatar kwalbar giya. Ya daka bagaruwa ya jiƙa, ko ya dafa kakkauran shayi ya bar shi ya huce, ya tace ya raba gida biyu. A kashi na farko ya ɗiga farin ƙwai da aka sirka da ruwa: nan take zai yi gajimare, daga bisani ya kwanta. A na biyu ya jefa dakakkiyar ƙwayar maganin ƙarin jini irin wadda ake ba masu juna biyu a asibiti: ruwan zai rikiɗe ya yi baƙi, domin tanin yana kama ƙarfe kamar yadda yake kama furotin. Da irin wannan haɗi Turawa suka yi tawadar rubutu ɗaruruwan shekaru.

Kofi na biyun nan yana da muhimmanci ga lafiya. Ƙarfen da tanin ya kama, hanji ba ya iya tsotse shi. Likitoci a Johannasbag sun nuna haka a 1975, wani gwaji kuma a Suwidin a 1982 ya gano cewa shan shayi tare da abinci ya rage ƙarfen da jiki ya samu da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Abin ya fi shafar ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye, ba na nama ba, kuma waɗanda suka fi shiga haɗari su ne 'yan mata da mata masu juna biyu da ƙananan yara, waɗanda da ma ƙarancin jini ya fi addaba. Lemo da gwaiba da tumatir, saboda bitamin C da ke cikinsu, suna taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfe. Wani gwaji da aka yi da mata a Ingila, aka buga shi a 2017, ya nuna cewa jinkirta shayi da awa ɗaya bayan cin abinci yana rage wannan asara ƙwarai.